Sandar da Na Kasa Saukewa

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya san abin da hannu ya aikata da abin da ya kasa aikatawa.

Mu mutanen bakin dam ne a ƙasar Ƙaraye. Mahaifinmu manomi ne, sai da ruwa ya haye fadamarsa sannan ya koyi su, wato kamun kifi, ya kuma koya wa yayana. Ya rasu ina ɗan shekara tara, ya bar mu biyu da Inna. Yaya ya girme ni da shekara bakwai kacal, amma daga ranar da aka dawo daga maƙabarta ya zama uba. Shi ya ciyar da ni, shi ya kai ni makarantar allon da shi ma ya haddace Alƙur'ani a cikinta, da na isa aure shi ya je nema. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa gaishe shi a tsaye ba, kuma in yana kishingiɗe a tabarma ba na wucewa ta wajen kansa, sai in zagaya ta ƙafa. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce in yi haka. Na tarar ana yi wa na gaba a gidanmu, na ci gaba da yi.

Idonsa ya fara tafiya ne bayan haihuwar 'yarsa ta fari. Da farko gefe-gefe ya daina gani, yana tuntuɓe da turmi a tsakar gida muna masa dariya. Daga baya ya ce ji yake kamar mai leƙe ta cikin bututu. Muka je asibiti a Kano, likita ya haska, ya ce ruwan cikin idon ne ya danne jijiya, kuma abin da ya riga ya tafi ba ya dawowa. Aka ba da maganin ɗigawa, aka yi rubutu, aka yi addu'a. Cikin shekara biyu hasken ya ƙare gaba ɗaya. Yaya ya ce haka Allah ya so, ya koma zaure yana ɗinke wa masunta komarsu da ta yage. Hannunsa ya san aikin, ba ya neman ido.

Zaman ne ya ci shi. Mutumin da rana ba ta taɓa fito masa a gida ba, ga shi yanzu yana jin tafiyar abokansa zuwa ruwa, yana jin dawowarsu da ƙarnin kifi a riga. Wata ranar kasuwa wani baƙo ya biyo ta ƙofar gidanmu, ya gan shi zaune, ya ajiye masa kuɗi a kan gwiwa ya wuce. Yaya ya shafa ya gane abin da aka yi masa. Kwana uku bai fito zauren ba. A rana ta huɗu ya kira ni.

"Auta, kai ni ruwa."

"Wanka za ka yi, Yaya? Bari a ɗebo maka."

"Na ce kai ni ruwa."

Na ɗauke shi a kwale-kwale muka yi nisa da gaɓa. Ya tuɓe riga, ya ce in riƙa buga filafili a jikin jirgin don ya san inda nake, ya yi bisimilla ya faɗa. Na daɗe da sanin Yaya ya iya iyo, duk masunci ya iya. Amma ranar na ga wani abu dabam. A ƙasa tafiyarsa ta zama ta mai tsoro, ƙafa tana lalube, kafaɗa a ɗage. A cikin ruwa babu turmi, babu dokin ƙofa, babu abin da zai yi karo da shi. Ya miƙe jikinsa gaba ɗaya yana yankar ruwan, ni ina tuƙi ina bugu, har sai da hannuna ya gaji kafin nasa. Da ya kama bakin jirgin yana haki, na ga haƙoransa a waje. Rabona da ganinsu haka tun yana gani.

Daga nan ya zame mana al'ada, kullum bayan la'asar in ba ruwan sama.

A bakin dam ɗin muka haɗu da mutumin Zoza. Bafillace ne daga garin Zoza a ƙasar Rogo, shan-inna ta shanye masa ƙafafu tun yana jariri, yana gyaran waya a kasuwar Rogo. Ƙirjinsa da damatsansa kamar na maƙeri. Ashe yana cikin masu yi wa jiha iyo a gasar naƙasassu, kuma da yake babu kwamin iyo a wajenmu, yakan sa a ɗauko shi a babur har dam ya yi atisaye. Ranar da ya fara ganin Yaya a ruwa, ya jira muka fito, ya ja jiki ya matso.

"Sannu Sarkin Ruwa. Wannan gudu haka, kada ne ya biyo ka?"

Yaya ya juya wajen muryar, ya ji daga ƙasa take fitowa. "Wane ne wannan yake gaishe ni a zaune? Ka yi ladabi."

"Ladabin dole ne, ƙafafun ne suka tafi kiwo ba su dawo ba."

"Bafillace ke nan. Me ya kawo ka ruwa, nono ya ƙare?"

Tun daga ranar suka ƙulle. Shi ya gaya wa Yaya cewa akwai makafi da suke tseren iyo, ana kai su garuruwa, ana kiran sunansu a lasifika. Yaya ya ɗauka zolaya ce, sai da ya rantse. Bayan mako biyu ya zo mana da kocinsu, wani gajeren mutum mai dasasshiyar murya, agogo rataye a wuya. Koci ya sa muka auna nisa da igiya, ya danna agogonsa, Yaya ya tafi ya dawo. Ya dubi agogon, ya sake dubawa, ya ce a maimaita. Da aka maimaita ya tsuguna a gaban Yaya ya yi masa magana ba kwana-kwana. Ya ce bayan wata uku za a yi gwajin zaɓe a Kano, kuma makaho ɗaya tak za a ɗauka cikin tawagar jiha, wanda ya zo na ɗaya. Ya ce Yaya ya haura talatin, shekarun iyo ba su da yawa a gabansa, in zai yi to yanzu ne.

A hanyar gida Yaya yana dafe da kafaɗata ya ce, "Auta, ba lambar nake so ba. So nake a kira ni wani wuri saboda abin da na iya." Na ce Allah ya nufa. Ya ce amin, ya maimaita amin ɗin.

Zuwan koci na biyu ya kawo kaya: hular roba, da tabarau da aka shafe gilashinsa da baƙin fenti, domin duk makafi su zama daidai, mai ganin dishi-dishi da wanda ba ya gani sam. Ya kuma kawo wata doguwar sanda mara nauyi, an ɗaure mata dunƙulen soso a baki. Ya ce dam ba ta da bango, ƙasa ce take tasowa a hankali, ciyawa ta shafi cikin mutum ya san ya iso. Kwamin gasa kuwa bangon siminti ne a tsaye, ruwan da ke jikinsa da na tsakiya duk ɗaya ne, ba abin da zai gaya wa makaho ya zo. Saboda haka ake tsayar da mutum a kowane ƙarshe da irin wannan sanda. In saura bugun hannu biyu ya isa, sai a buga masa, ya san ya juya.

"A ina ake bugawa?" na tambaya.

"A ka. Tsakiyar kai, da ƙarfi, sau ɗaya. Kafaɗa tana juyawa cikin ruwa, in ka taɓa nan ba lallai ya ji ba."

Ya sa aka gindaya jirgi ya zama kamar bango, ya tsaya a ciki, Yaya ya taho. Koci ya ɗaga sandar ya sauke masa a ka, ɗas. Yaya ya dunƙule ya juya kamar an yi shekara ana koya masa. Na san soso ne. Na san ba zafi. Amma na ga an ɗaga sanda an sauke a kan Yaya a gabana, ina tsaye ina kallo.

Koci ya ce shi zai samar da mutum ɗaya a Kano, ɗayan kuma Yaya ya zaɓa. Yaya bai yi tunani ba. "Auta ne. Ba wanda ya san bugun hannuna kamarsa." Aka miƙo mini sandar na karɓa da hannu biyu.

Da muka shiga da ita gida Inna tana tankaɗe. Ta tambaya ta mece ce, mutumin Zoza da ya biyo mu cin tuwo ya yi mata bayani yana dariya, har yana kwatantawa a kan kansa. Inna ta ajiye rariya.

"Wa zai buga wa wa?"

"Alaramma ƙarami ne zai buga wa babban, Inna. Yau dai Allah ya kawo ranar ramuwa."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta dube ni, ta dubi sandar, ta ce, "Kan da ya ɗauki Alƙur'ani. To, Allah ya kyauta." Ta ci gaba da tankaɗenta. Ba ta hana ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba har muka tafi. Da ta hana ma da ya fi mini sauƙi, da na sami abin da zan kai wa koci.

Wata uku muna atisaye, ban taɓa sauke sandar nan a kansa ba ko sau ɗaya. Na samo dabarata. In ya matso sai in ce, "Yaya, bango," in ɗan shafi kafaɗarsa da soson. Dam shiru ce da la'asar, daga kukan tsuntsayen ruwa sai injin ban-ruwa can nesa, muryata tana isa kunnensa tun kafin sandar. Yana juyawa daidai. Wata rana ya kama bakin jirgi ya ce, "Auta, kocin nan fa a ka ya ce." Na ce, "To, Yaya." Washegari na sake shafar kafaɗa. Bai ƙara magana ba. Na sha tunanin dalilin shirunsa. Wataƙila ya ga dabarar tana aiki. Wataƙila kuma shi ma yana jin nauyin ya ce wa ƙaninsa, buge ni a ka, har sau biyu.

Mutumin Zoza ne kaɗai ya matsa mini. "Alaramma, shafa kake yi kamar mai ɗiga wa jariri zamzam. Buga mana! In kana jin tsoro zo ka koya a kaina, ba abin da ke ciki sai lambobin waya." Na yi dariya na buga masa, ɗas, ba wuya. Ya ce to ga shi ka iya. Na iya ɗin, a kan kowa ban da mutum ɗaya.

Muka sauka Kano saura kwana biyu gwaji. Ban taɓa ganin ruwa irin na kwamin nan ba, shuɗi, ana hango ƙasansa, yana warin magani. An raba shi layi-layi da igiyoyi masu ƙwallaye. Yaya ya sa na kai shi bakin bangon, ya durƙusa ya shafa shi tun daga sama har inda hannunsa ya kai cikin ruwa. Ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. Ya ce, "Wannan ba ya san wasa." Wandon da aka ba shi ya ƙi sawa sai da aka samo mai kaiwa gwiwa.

Kwana biyun nan wurin kusan ba kowa, daga 'yan iyo sai masu kula da su. Na ci gaba da dabarata, murya ƙasa-ƙasa da shafar kafaɗa. Koci yana fama da mutum wajen ashirin, mai hannu ɗaya, mai ƙafa ɗaya, wanda ake saukewa daga keke. Sau ɗaya ya hango ni daga can ya daka tsawa, "Malam, a ka na ce!" Na ɗaga masa hannu alamar na ji. A nan ne ya kamata in je in same shi in ce, ranka ya daɗe, ba zan iya ba, a ba wani. Kalmomi kaɗan ne. Abin da ya hana ni shi ne Yaya ya zaɓe ni a gaban mutane, na ga in na janye kamar na ƙi shi ne. Na gaya wa kaina cewa ranar gwajin, in ta kama, zan buga.

Ranar ta zo da hantsi mai zafi. An kawo 'yan makaranta sun cika benayen 'yan kallo, da masu ganga, da lasifika. Kafin a fara wani alƙalin gasa mai farar riga ya tara mu masu sanda, ya ce doka ce, ba a yi wa ɗan iyo magana. Wanda ya buɗe baki an fitar da mutuminsa. Na dubi Yaya, yana zaune can an ja masa hular roba har ta rufe kunnuwa. Ko da an yarda in yi magana, cikin wannan hayaniya ba zai ji ba.

Mutumin Zoza ya riga ya yi nasa tseren ya zo na biyu, ya gangaro da kekensa jikinsa yana ɗiga. "Alaramma, yau ba zamzam. Ka ji ko?" Na ce na ji.

Makafi huɗu ne. Tafiya da dawowa za a yi, bango biyu ke nan. Ni aka sa a bangon juyawa, mutumin koci a bangon ƙarshe. Aka kira sunan Yaya a lasifika, da sunan Ƙaraye. Na hango shi daga nesa ya ɗaga kai ya juya fuska wajen ƙarar, ya tsaya haka ɗan lokaci kafin a kama hannunsa a hau da shi kan dakalin tashi.

Aka busa, suka faɗa.

Tun kafin rabin kwamin ya ba su tazara. Sauran ukun samari ne da suka koyi iyo a makarantar makafi, hannunsu da tsari, amma suna gogar igiya hagu da dama. Yaya ya taho a miƙe, ƙarfin masunci, ruwa yana darewa. Yara suna ihu, ganga tana tashi. Na gyara tsayuwa, na miƙa sandar, na fara ƙirga hannunsa kamar yadda na saba. Na san daidai inda zan buga. Ban makara da gani ba, ban ruɗe da lissafi ba, wannan ina so a sani. Saura hannu huɗu na ɗaga sandar. Saura uku kansa ya shigo ƙarƙashinta, baƙar hula tana ƙyalli. Saura biyu.

Hannuna ya tsaya a sama. Ba tunani na yi ba, ban tuna Inna ba, ban tuna komai ba. Hannun ne kawai ya ƙi, kamar yadda ƙafa take ƙin taka allo. Da na ankara na karkatar da sandar na nemi kafaɗa, soson ya goge ta a daidai lokacin da take nutsewa. Bakina ya buɗe zan ce bango, na tuna dokar, na rufe.

Yatsunsa ne suka fara dukan simintin suka lanƙwashe, sannan goshi da baki. Duk da gangar nan na ji ƙarar. Ya tsaya cak, ya nutse, ya taso yana lalube. Tabaran ya goce. Jini ya fara bin ruwan shuɗin nan yana yaɗuwa kamar zare. Na durƙusa na miƙa hannu zan kama shi, alƙalin ya riƙe mini riga. Na kusa da shi ya iso, nasa mai sandar ya buga masa, ya juya ya wuce. Na biyu ya wuce. Na uku ya wuce.

Yaya ya sami bangon da tafin hannu, ya shafa shi, ya juya ya sa ƙafa ya tura. Ya koma da hannu ɗaya da rabi, yana karkacewa yana gogar igiya. Benayen suka yi tsit, sannan aka fara tafi, irin tafin da ake yi wa wanda ake tausayi. Na san yana ji, na kuma san ba shi ya zo nema ba. Da ya kusa ƙarshe mutumin koci, wani saurayi da ko sunan Yaya bai sani ba, ya ɗaga sandarsa ya sauke masa a tsakiyar kai ba tare da ya ko canja fuska ba. Yaya ya miƙa hannu ya taɓa bango a hankali. Daga inda nake tsaye na ga ƙanƙantar abin.

Ɗinki biyar aka yi masa a goshi, haƙori ɗaya ya fita, yatsu biyu suka goce aka ɗaure. Koci bai yi mini faɗa ba. Ya zo ya karɓi sandar daga hannuna, ya dube ni, ya ce, "Da ka faɗa mini." Ya juya. Aka ɗauki ɗaya daga samarin nan.

A motar Ƙaraye muna kujerar baya, an ɗaure keken mutumin Zoza a sama. Yaya ya jingina kai da gilashi, leɓensa a kumbure. Can ya yi magana, kalmomin suna fita da ƙyar.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ka makara ne, ko ka ƙi?"

Ƙarya tana nan kusa, mai sauƙi. Hayaniya, ruɗewa, rashin sabo. Na ce, "Ban makara ba."

Ya ɗago kai daga jikin gilashin. Sannan ya ce, "To. Ka girmama ni." Ya shafa bandejin goshinsa. "Na ji girman har cikin ƙashi."

Mutumin Zoza ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya kau da kai waje. Ni na sunkuyar da kai, ban ɗago ba sai da muka shigo gari.

Inna ta ga fuskarsa ta yi salati ta zauna a ƙasa. Ta tambaya me ya faru, Yaya ya ce bango ne, bai ƙara ba. Har ta koma ga Allah ba ta san sauran ba, ko kuma ta sani ta yi shiru, ban tabbata ba.

Da yatsun suka warke ya koma ruwa. Koci mutumin kirki ne, ya aiko cewa baɗi ma akwai gwaji, Yaya ya sake zuwa. A shekarar nan na buga. Na buga a dam sau ɗari, sau fiye da haka, a tsakiyar kai, ina istigfari a zuci da farko, daga baya ko istigfarin ban yi. Abin da ya gagare ni wata uku ya zama ba komai cikin mako guda. Amma na lura da wani abu da ban gaya wa kowa ba. In ya kusa jirgin, tun kafin sandar ta sauka, gudunsa yakan ragu kaɗan.

Da lokaci ya zo Yaya ya ce in zauna, gyaɗa ta isa cira, koci zai ba shi mutum biyu. Ya faɗa da taushi, na kuma gane. Na raka shi da mutumin Zoza tasha na dawo gona. Kwana uku ina cirar gyaɗa ina duban hanya.

Mutumin Zoza ne ya ba ni labari, muna tsaye a bayan gida inda Yaya ba zai ji ba. Ya ce an busa, Yaya ya fita kamar bara, ya ba kowa tazara. Saura kamar hannu goma ya kai bango sai ya ɗago kai daga ruwa, ya fara miƙa hannu ɗaya gaba yana lalube, ɗayan yana kare fuska. Mai sandar ya buga masa daidai, a kan lokaci, da ƙarfi. Amma kafin nan biyu sun wuce shi. A bangon ƙarshe ma haka ya yi. Ya zo na uku.

"Ba laifin mai sanda," in ji shi. "Jikinsa ne ya daina yarda. Na ga irin haka, ba ya fita." Ya dube ni, ya ga yadda fuskata ta yi, ya ce, "Alaramma, ni ma da na matsa maka da gaske maimakon wasa." Na ce a'a, shi ya yi nasa.

Bayan kwana biyu na sami Yaya bayan sallar azahar, na tsuguna na nemi gafara, abin da na kasa yi da baki shekara guda. Ya ce ya yafe tun a motar nan, duniya da lahira, in daina ɗaukar abin. Ya ce shi ma da laifinsa, ya ji ana shafar kafaɗarsa wata uku ya yi shiru. Sannan ya ce in ɗauko takarda da tawada, zai aika wa koci saƙo, maganar waya ba ta da nauyi, mutumin Zoza zai kai ya karanta masa in ajamin ya ba shi wuya.

Na zauna a gabansa ya yi ta faɗa ina rubutawa. Gaisuwa da fatan alheri. Godiya bisa ɗawainiyar shekara biyu. Cewa shi ya haƙura, kada a ƙara ajiye masa wuri, a ba masu tasowa. Ya ɗan tsaya, yana murza yatsun nan biyu da ba su koma daidai ba.

"Ƙara wannan. Duk makahon da za ka ɗauka nan gaba, kada ka ba ɗan'uwansa sanda. Ka nemo masa bare, wanda ba ya jin nauyinsa."

Na tsoma alƙalami na tsaya.

"Ka rubuta?"

"Ina rubutawa, Yaya."

Na rubuta shi kamar yadda ya faɗa, ban rage ko harafi ba. Ya sa na karanta masa daga farko, ya saurara, ya ce daidai ne. Na barbaɗa rairayi a kan tawadar, na jira ta bushe, na ninke takardar.